Ranar Da Aka Sa Wa Tanki Kwaɗo

Na fi shekara talatin ina riƙe da sitiyari kafin ido ya ce in sauka. A cikin shekarun nan na ga abubuwa iri-iri a kan kwalta, kuma yawancinsu sun bi ruwa, sai in wani ya tuna mini. Amma ranar da aka sa wa tankin motata kwaɗo, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma na san da ita za a binne ni. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, alhali duk waɗanda na yi fushi da su a ranar sun riga mu gidan gaskiya, saura mutum ɗaya, wato ni.

A farkon shekarun tamanin ne, lokacin da mai ya yi wuya, mutum kan wuni a layi ya tashi da rabin tanki yana godiya. Ina saurayi, ina tuƙa a-kori-kurar wani Alhaji a Funtua, mai sayen auduga da kaka, da rani kuma ya koma kan tumatir. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Tsiga. Gidanmu Kirista ne tun zamanin kakana, mahaifina kuwa manomi ne, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Shekara da shekaru Alhaji yana sayen audugarsa, bai taɓa tsintar dutse a buhunsa ba, bai taɓa samun wadda aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi ba. Saboda haka da na gama koyon mota Baba ya sa ni gaba ya kai ni wurinsa. Alhaji ko lasisina bai duba ba. Cewa ya yi, "Malam, ni ba yaron na ɗauka ba, kai na ɗauka." A wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ma'anarta duk abin da na aikata a bakin aikin nan, a goshin Baba za a rubuta shi.

Alhaji ba shi da matsala. Matsalar ƙaninsa ne, wanda ake haɗa ni da shi ya bi kaya. Alhaji Ƙarami muke ce masa, ko da yake Makka dai bai je ba, ko filin jirgin Kano ban da tabbacin ya taɓa gani. Mutumin nan ya yi imani, imanin da ko wa'azi ba ya girgiza shi, cewa duk direban da ke doron ƙasa ɓarawon mai ne. Gejin man motar ya mutu tun kafin in karɓe ta, shi kuwa a ganinsa ni na kashe shi. In na je bayan gari na dawo, sai ya matso yana yi mini magana dab da fuska, wai hira, alhali bakina yake shinshinawa ko zai ji warin fetur. Na shanye wannan wajen shekara guda, ba don tsoronsa ba, don Baba.

Ana gobe za mu ɗauko tumatir a Danja, muka wuni a layi har muka samu aka cika mana tanki a gabansa. Na kai mota gidan Alhaji na ajiye. Da safe na zo, sai na tarar an cire murfin tankin an sa wani sabo, ƙirar maƙera, da ƙarfe a gicciye da ƙaton kwaɗo irin na ƙofar shago. Har da wata baƙar roba da ta leƙo ta gefen murfin, irin ta cikin taya, an yanko ta an shimfiɗa a ƙarƙashi. Alhaji Ƙarami yana tsaye yana kaɗa makullin a kan zare, yana murmushi.

"Direba, ka ga gyara ko?" in ji shi. "An ce mani mai har ta iska yake tserewa. To na toshe. Daga yau ko ƙamshinshi ba ya fita sai da izinina."

Da hankalina yana jikina, a nan take ya kamata in tsaya in dubi robar nan da idon sana'a. Amma kwaɗon kawai nake gani. Makaniken da ke gefen gidan da mai shayi duk sun juyo suna kallo, kowa ya san wa aka sa wa kwaɗon, ba tanki ba ne, ni ne. Na haɗiye abin da ya taso mini, na shiga na ta da mota.

Lafiya lau muka wuce Bakori muka kama hanyar Danja. Sai da muka kusa shiga gari ta fara wani abu: in na taka totur sai ta ja baya, ta yi kamar za ta shaƙe, sannan ta fizga. Da lallami na gangara da ita har inda aka jera mana kwanduna, na kashe. Aka yi lodi, aka ɗaure, hantsi ya ɗaga. Na shiga na murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Na sake, haka. Na uku ma haka, sai na bari don kada in kashe batir.

Maigidan da ya koya mini mota yakan ce, in mota ta ƙi tashi kada ka zage ta, tambayarta za ka yi, kuma tambaya biyu ce: akwai wuta, akwai mai? Na buɗe bonet na fara da wuta. Na zare wayar fulogi guda na kusantar da ita jikin inji, na roƙi wani direban da ke kusa ya murɗa mini makulli. Wuta ta yi tsalle shuɗiya, tas-tas. Wannan lafiya. Na cire murfin da ke kan kafireto, na leƙa cikin maƙogwaronta, na ja totur da hannu. In da mai, za ka ga ya ɗan feso. Ban ga komai ba, a bushe take ƙayau. Don in tabbatar, na roƙi wani mai babur ya tsiyayo mini fetur cikin murfin kwalba, na zuba a maƙogwaron, aka murɗa. Nan take ta kama, ta yi ruri kamar abin arziki, ta cinye ɗan abin da na ba ta, ta mutu.

Ni a wajena wannan albishir ne, don na gane inji lafiya yake, mai ne kawai ba ya isowa, saura in bi hanyarsa in ga inda ya tsaya. A wajen Alhaji Ƙarami kuwa shari'a ta ƙare.

"Jama'a kun gani!" Ya ɗaga murya har masu dako suka ajiye kwanduna. "An ba ta mai ta tashi, mai ya ƙare ta mutu. Jiya-jiyan nan a gabana aka cika tankin ga. Ina man ya tafi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, tankin da makullinshi ke aljihunka?"

"Yo ku direbobi sai ta murfi kuke sha? Ba ga tiyo nan a gaba ba? Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya!"

A tsakiyar kasuwar tumatir ya faɗi wannan, a gaban direbobin da muke haɗuwa da su kullum a hanya. Wallahi sai na ƙara damƙe sifana, kuma ba inji nake so in kwance da ita ba. Wani dattijo mai tumatir ya ce, "Haba Alhaji, a bar yaro ya duba mana." Na sunkuyar da kai cikin inji, don in na ɗago ban san abin da zai faru ba.

Na bi man da baya, mataki-mataki. Na zare tiyon da ke shiga kafireto na riƙe bakinsa, aka murɗa makulli. Da famfon mai yana turowa, da ya rinƙa tsartuwa, amma ko ɗigo. Na kwance 'yar matatar da ke kan hanya, ina zaton datti ya toshe ta, don man da muke sha a lokacin sai a hankali. Na same ta fes, ba laka ba tsatsa. Saura abu biyu: ko famfon ya mutu, ko kuwa daga tanki ne man ba ya zuwa. Na sa hannu na zare tiyon da ya taho daga tanki zuwa famfo, na yi maza na kai shi baki in zuƙa, yadda kowane direba ke yi.

Abin da ya faru ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin in zuƙe shi, shi ya zuƙe ni. Tiyon ya kama tsinin harshena ya manne, sai da na fizge. Ina fizgewa ya ja iska da wani ɗan fito, na ji can bayan mota tanki yana ƙululu-ƙululu, sannan ƙarfe ya yi ɓam. Na sake kai baki, zuƙa ɗaya sai ga fetur ya cika mini baki har hanci. Na tofar ina tari, idona yana ruwa.

"Kun ga bakin ya saba!" in ji Alhaji Ƙarami. Wasu suka yi dariya. Dariyar nan har yau ina jin ta.

Na mayar da tiyo, na ɗaure komai, na murɗa. Ta ɗan yi gardama kafin man ya iso, sannan ta tashi ta zauna daram. Na ɗauka wani datti ne ya tokare bututu ya kuma wuce. Alhaji Ƙarami kuwa ya shigo ya zauna yana cewa ɗan ragowar da na manta ban sha ba ne, mu dai gani ko zai kai mu. Muka kama hanyar Funtua, inda manyan motocin kudu ke jiran kayan.

Ba mu kai Bakori ba ta sake. Irin shaƙewar ɗazu, irin fizgar ɗazu, sai ta mutu a hannuna, na gangara gefen hanya kusa da mararraba. Na murɗa, inji yana juyawa, ba ya kamawa. Rana ta take tsaka, ba inuwa sai ta wata 'yar bishiyar ƙirya can gefe. Wannan karon ban taɓa bonet ba. Na tuna tiyon da ya kama mini harshe, na tuna ɓam ɗin nan, sai na kwanta na shiga ƙarƙashin mota ta baya. Ga tanki nan, cikinsa ya lotsa ya shige sama kamar cikin wanda ya kwana biyu bai ci ba. Na ƙwanƙwasa gefensa da sifana, ya amsa da nauyi, irin amsar abin da ke cike.

A nan kwance na gane komai. Tsohon murfin yana da wani ɗan huji kamar kafar allura, wanda ba wanda ke kula da shi. Ta nan tanki ke shan iska a madadin man da famfo ya ja. Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san huji ɗaya ba ya zuba, sai an yi na biyu. Alhaji Ƙarami ya sa roba ya toshe hujin na biyu. Famfo ya yi ta ja, tanki ya yi ta riƙewa, har ƙarfinsu ya zo ɗaya, man ya tsaya cak. Da na zare tiyo a Danja, numfashi na ba shi ban sani ba, shi ya kawo mu nan. Ga mai maƙil a tanki, mota tana mutuwa da ƙishirwa, saboda wani ya rantse ba zai yarda da ni ba.

Na fito na kakkaɓe riga. Na ce wa Alhaji Ƙarami, "A buɗe tankin."

"Mi?"

"Ka ce babu mai. A buɗe a gani."

Ya dafe aljihu kamar zan ƙwace. "Don ka ce na buɗe na zuba wani abu? A'a. Kwaɗon ga ba ya buɗuwa sai a gaban Yaya Alhaji, da uban da ya tsaya maka. Shi ma shi zo shi ga abin da ya haifa."

Bai tsaya nan ba. Ya tare wata motar haya mai zuwa Funtua ya ba da saƙo a kira Alhaji. Sannan ya tare wani mai babur da ya nufi wajen Tsiga, ya kwatanta masa ƙauyenmu, ya ce da ƙarfi yadda duk na bakin hanya za su ji, "Ka tambayi dattijon nan na majami'a. Ka ce ɗanshi ya shanye man Alhaji, an kama shi, shi zo yanzu-yanzu."

To, a nan ne nawa laifin ya fara, kuma sai da na tsufa na iya faɗinsa ba tare da na kewaye ba. Mai babur ɗin bai riga ya ta da babur ɗinsa ba. Sifana tana hannuna. Aikin minti biyu ne: in buɗe bonet, in zare tiyon nan, tanki ya sha iska, in mayar, mu tafi. Ko in ce wa Alhaji Ƙarami, ga abin da robarka ta yi, ga tanki ya lotsa, leƙa ka gani. Ko da ya ƙi ji, na bakin hanya za su ji, mota kuma za ta tashi a gabansu. Ban yi ko ɗaya ba. Zuciyata ta ce mini, bar shi. Ya tara maka jama'a a Danja, bari ya tara wa kansa a nan. Bari Alhaji ya zo, bari Baba ya zo, a buɗe a gaban kowa, ka ga inda zai sa fuskarsa. Na ji daɗin wannan shawara ƙwarai. Na jefa sifana cikin mota, na je gindin ƙiryar nan na zauna na miƙe ƙafa, ina kallon babur ɗin har ya ɓace.

Mun fi awa biyu a wurin. Tumatir ya fara tsiyaya ta ƙasan kwanduna, ƙudaje suka samu biki. Alhaji Ƙarami yana kai da kawowa, duk wanda ya tsaya tambaya sai ya ba shi labari daga farko, kowane zagaye man da na sha yana ƙaruwa. Ni kuwa ina zaune ina tsara kalmomin da zan watsa masa, ina gyara su, ina ƙara musu gishiri. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin yadda saƙon zai sauka a ƙauyenmu ba, da wanda zai ji, da inda zai sami Baba.

Alhaji ya fara isowa a ƙaramar motarsa. Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa buhun da aka samu dutse a ciki. Ƙaninsa yana tsakiyar zuba bayani sai ga babur ya dawo da Baba a baya, maƙwabtanmu biyu suna biye a wani. Daga fadama aka ɗauko shi. Laka ta bushe a ƙafafunsa har ƙwauri, ya dai zura rigarsa ta zuwa sujada a kan kayan aiki, ko maɓallin wuya bai tsaya sawa ba.

Na miƙe ina jiran ya zo ya tambaye ni. Na manta, ko kuwa fushi ya mantar da ni, cewa ni ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, balle ya tsaya a gaban mutane ya ce ɗana ba zai yi haka ba. Kunya ba ta bari. Kiristanmu da Musulminmu duk ɗaya muke a nan. Abu ɗaya al'ada ta bar wa uba irin nawa a irin wannan wuri, shi kuwa ya yi. Ko inda nake bai kalla ba. Ya wuce kai tsaye gaban Alhaji, ya tuɓe takalma, ya cire hula, ya durƙusa gwiwa biyu a kan tsakuwar bakin titi.

"Alhaji, ni na kawo shi," in ji shi. "In ya ci amana, ni na ci. A yi mani aikin gafara, kada a kai shi gaba. Abin da za a yi mashi a yi mani."

Mutumin da ko a gaban mai gari ban taɓa ganin ya wuce russunawa ba. Mutumin da in rigimar gona ta tashi, Musulmi da Kirista shi suke kira ya nuna iyaka, a kuma tsaya inda ya nuna. Ga shi a ƙasa, furfurarsa a rana, fasinjojin motar haya suna leƙowa ta taga. Abin da ban yafe wa Alhaji ba shi ne, bai ɗaga shi nan da nan ba. Ya bar shi a durƙushe yana jan carbi yana kallon gefe, kamar mai auna ko zai yi afuwa.

Na yi ihu, "Baba tashi! Ban ɗauki komai ba!"

Bai juyo ba. Ya ce, "Rufe mani baki."

Na juya kan Alhaji, kuma ban san da wace murya na yi magana ba, na dai ga mutane sun ja baya. Na ce, "Ga ka ga Baba. A buɗe kwaɗon nan yanzu, ko in sa dutse in fasa shi."

Alhaji ya yi wa ƙaninsa nuni da haɓa. Ya zo yana taƙama ya buɗe kwaɗo, ya kama murfi zai ɗaga, murfi ya ƙi. Ya ja, ya ƙi. Na ture hannunsa, na sa bakin sukuddireba na ɓamɓare gefen robar. Tanki ya ja iska da wata doguwar ajiyar zuciya da kowa ya ji, ƙarfen ƙasa ya yi ɓam ya koma daidai, warin fetur ya bugi hancin kowa. Na karyo kara a gefen hanya na zura, na zaro, na ɗaga shi sama. A jiƙe yake sharkaf, abin da ya ragu bai wuce abin da tafiyar Danja za ta ci ba. Na fizge robar na jefar a gaban Alhaji Ƙarami, na shiga na murɗa. Da man ya iso ta tashi, ta zauna lafiya lau kamar ba ita ba.

Na fito na bar ta tana aiki, na sauke duk abin da na tsara a gindin ƙirya. Na gaya musu hujin murfi, na gaya musu gwangwanin madara, na ce wanda bai san tanki yana numfashi ba shi ne zai koya wa direba tsaron mai. Mutane suka yi dariya, wannan karon ba ni ake yi wa ba, kuma ta yi mini daɗi. Daɗin ne ya kwashe ni na ƙara da cewa, "Tun da muka tsaya a nan na san abin da ke damunta. Da na ga dama, da tuni mun sauke tumatir a Funtua. So nake kowa ya zo ya gani!"

Sai a lokacin Alhaji ya tuna akwai mutum a ƙasa. Ya kama Baba da hannu biyu yana, "Subhanallahi, Malam, tashi, tashi don Allah." Ya juya ya ce wa ƙaninsa ba shi da hankali. Shi kuwa, da yake tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya hau zagin maƙerin da ya ƙera murfin, wai shi ya cuce shi. Ni dai ba wanda ya ce mini yi haƙuri da sunan an yi mini ƙazafi. Abin da na samu daga Alhaji shi ne, "Sharrin Shaiɗan ne, ya wuce. Ja mota mu tafi, kaya na lalacewa." Wato an kira ni ɓarawo a kasuwa, an aika har gida, an durƙusar da ubana, duk an tattara an ɗora wa Shaiɗan, shi ke nan.

Na zare makulli zan jefa wa Alhaji. Baba ya ce, "Kai masu kayansu. Tumatir bai yi maka laifi ba." Sannan ya yi mini alama da ido, muka zaga bayan mota, inda ba mai jin mu. Ya sunkuya yana cire tsakuwar da ta lotsa a gwiwarsa, ɗaya ta fasa fata har jini ya ɗan fito. Ina jira ya ce na yi ƙoƙari, ko ya ce ya san ba zan yi ba.

Ya ce, "Na ji ka ce tun da kuka tsaya ka san maganin abin."

Na ce, "E, Baba."

"Kafin a aiko a kira ni?"

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yawan yi.

"Da mai babur ya zo, a bakin majami'a ya tsaya ya yi tambaya, mata suna shara. Uwarka tana cikinsu." Ya sa hularsa, ya gyara ta. "Wancan mahaukaci ne, bai san abin da yake yi ba. Kai ka sani. To ba shi ya durƙusar da ni ba, kai ne."

Alhaji ya yi ta roƙonsa ya shiga mota a kai shi gida, ya ce ya gode, ya hau bayan babur ɗin maƙwabcinmu suka juya. Na kai tumatir Funtua, washegari na ajiye makulli na bar aikin. Amma saƙon farko ya riga ya shiga gari a kan babur, na biyun kuwa, wato cewa ban ɗauki komai ba, a ƙasa ya tako. Bayan shekaru, har na yi aure na haifi 'ya'ya, akwai waɗanda in za su kwatanta ni sai su ce, ɗan dattijon nan da aka taɓa yin maganar mai da shi. Baba bai sake tayar da zancen ba har ya rasu. Ni ma ban taɓa samun bakin da zan ce ya yafe mini ba, ina ta jiran ranar da ta dace har ranaku suka ƙare.

Na daɗe ina ba da labarin nan a tasha, ina tsayawa daidai inda na ɗaga kara sama, a yi dariya a tafa mini. Yau na ƙarasa shi. Abin da ranar ta koya mini biyu ne, kuma na farkon ya fi sauƙi: kafin ka kira mutum ɓarawo, bi hanyar man daga kafireto har tanki, don sau da yawa abin da ya tsayar da tafiyar hannunka ne ya toshe shi. Na biyun shi ne mai ciwo. In gaskiya tana hannunka, fito da ita tun da zafinta, kada ka ɓoye ta kana jiran taro ya cika don ka kunyata wani. Ni na riƙe tawa awa biyu don in ga maƙiyina a ƙasa, wanda na gani a ƙasa kuwa ubana ne.